Farar Giyar Ermelinda

A kan tudun Guarilihue, cikin kwarin Itata, can kudancin duniya inda ake zafin rani a Fabrairu, sanyi da ruwan sama a Yuli, aka haifi Ermelinda Riquelme, kuma har ta shekara sittin da tara ba ta taɓa yin mako guda a wani wuri ba. Gonar inabin da ta gada kakanta ne ya dasa ta. Kurangun inabin gajeru ne, ba waya ba sanda, kowace ta duƙa a ƙasa kamar tsohuwa mai tsintar hatsi. Ba a taɓa yi musu ban-ruwa ba. Saiwarsu ce ke ratsa jar ƙasa da ruɓaɓɓen dutse ta nemo abin sha, da yamma kuma iskar teku ta hauro ta sanyaya su.

Shi ya sa farar giyarta ta fita daban. Tana da ƙamshin furen lemo, da ɗan gishiri-gishiri a ƙarshen harshe. Ta mutanen gangare ta fi zaƙi, amma ba ta da wannan kaifin. A manyan randunan ƙasa giyar Ermelinda take dafuwa, waɗanda ake liƙe bakinsu da yumɓu har sanyi ya shigo.

Mijinta Belarmino shi ke noma gonar da garma da wata goɗiya mai taurin kai. Mutum ne mai tsokana. In ya ga ta sa hanci a kofi tana lumshe ido, sai ya ce, "Tsohuwa, sha za ki yi ko addu'a?" Ita kuwa ta ce da shi wanda bai bambance giya da ruwan wanki ba ai ba shi da bakin magana.

Sannu a hankali maƙwabta suka riƙa sayar da gonakinsu ga wani kamfanin katako. Inda da ake ganin inabi da alkama, sai dogayen bishiyoyi a jere, baƙaƙe ƙirin, har suka kewaye tudun ta gefe uku. Rijiyar gidan ta fara ƙafewa da rani. 'Yarsu Yasna, wadda ke aikin jinya a birnin Chillán, ta sha roƙonsu su ma su sayar. Belarmino ya ce sai dai a sayar da shi tare da goɗiyar.

Gobarar ta zo ne a watan Fabrairu, saura makonni kaɗan a tsinke inabi. Da hantsi rana ta koma ja, kafin azahar dajin kamfani ya kama ta yamma. Ana ta shelar kowa ya fita. Belarmino ya tura matarsa cikin motar wani maƙwabci, shi kuma ya ɗaura wa goɗiya garma ya shiga zagaya gonar yana kifar da busasshiyar ciyawa, don wuta ta rasa abin ci. Zagaye huɗu ya yi cikin hayaƙi. Wutar ta zo bakin kunyar ta tsaya, ta lashe layi biyu na inabi kawai. Amma hayaƙin ya riga ya cinye masa ƙirji. Kwana goma sha tara ya yi a asibiti, bai dawo ba.

Bayan jana'iza Ermelinda ta shiga gona ta tarar da inabin lafiya lau, rawaya, cike da ruwa. Maƙwabtan da suka rage suka taya ta tsinka, aka murje a kan matankaɗin gora, aka cika randa shida. Duk tsawon lokacin ba wanda ya ga hawayenta. Ta ce wannan giyar ta Belarmino ce, da ransa ya saye ta.

A watan Yuli, ana tsakiyar sanyi, Don Eleuterio ya zo da motarsa. Shekara ashirin yana sayen giyarta yana kaiwa gidajen abinci na bakin teku. Ta fasa yumɓun randar farko, ta ɗebo masa. Ƙamshin na nan. Ya kurɓa, ya juya a baki, sai ya miƙa mata kofin.

"Doña Ermelinda, kin ɗanɗana kuwa?"

Ta karɓi kofin ta sha. Da farko furen lemo, sannan daga baya wani ƙauri ya taso mata a maƙogwaro, kamar ta lashi murhu. Hayaƙin ya shiga fatar inabin tun yana kan kuranga. Suka buɗe ta biyu, ta uku, har ta shida, duk kanwar ja ce.

Eleuterio ya ce zai iya ɗauka a gauraya da ta wani kwari, a ƙara zaƙi, ba mai ganewa.

"Ni zan gane," in ji ta. "Gaida gida, Don Eleuterio."

Kwana biyu ta yi tana kwasa da bokiti tana zubarwa a bayan rumfa. A rana ta biyun ne ta yi kukan da ba ta yi ba a maƙabarta.

Da damina ta wuce ba mai riƙe garma. Ta gwada da kanta, goɗiyar ta ja ta ta faɗi, ƙugunta ya goce. Yasna ta zo ta ce, "Mama, ya isa haka," ta kwashe mata kaya ta kai ta Chillán, wani ɗaki a hawa na huɗu mai taga ɗaya. Aka ba maƙwabci goɗiyar. Shekara biyu ba wanda ya yi wa kurangun aski, ƙaya ta haye su.

Sai kamfanin katakon ya aiko wani mutum mai ladabi da takardar sayen gonar a jaka. Sau uku yana zuwa, sau uku tana cewa ba ta ga tabaraunta ba. A zuwa na huɗu Yasna ta zauna kusa da ita a bakin gado, ta karanta mata takardar a hankali daga farko har ƙarshe. Ermelinda ta tambaya ko za su bar randunan. Mutumin ya ce ba shi da masaniya, amma zai tambaya. Ta karɓi alƙalamin ta sa hannu.