Maharbin Summerfield

A shagon kayan farauta na hanyar Summerfield nake kallonsa, dattijo da rigar shiga daji a kan kaftani, ko takardar farashinta bai cire ba. Ya manna ido a madubin saitin bindiga mafi arha, yana auna kan barewar da aka kafe a bango. Da gani, a talabijin ya koyi farauta.

Yana waya: "Alhaji Lawal, ƙafa zan harba, in ruga in yanka ta da bisimilla, kada ta zama mushe."

Makullinsa ya faɗi. Sai da ya dafa tebur yana nishi kafin ya iya ɗauka. Barewar Summerfield ta kwantar da hankalinta, tsufa ne zai kashe ta.