Tambayoyin da Mahaifiyata Ta Riƙa Kawo Mini

Shekarun baya, lokacin da nake koyarwa a wani ƙauye can wajen Sukukutane, ajina rumfar zana ce. Da hantsi rana takan ratso zanar ta zuba ɗigo-ɗigo a kan yara, ƙurar alli tana yawo cikin hasken kamar ba za ta taɓa sauka ba. Har yau idan na rufe ido ina ganin ajin nan.

Ni ne mushen, wato malamin makaranta, da ya yi suna da son tambaya. Kullum cewa nake wanda bai gane lissafi ba ya ɗaga hannu, babu bulala, babu dariya. Ina ta hura hanci da wannan hali, alhali a bencin ƙarshe akwai yarinyar da ba ta taɓa tambayata komai ba. Ɗiyata ce ta fari.

A wajenmu mutum yana kunyar ɗan fari. Ba na kiran sunanta, ba ma hira. Idan na shigo gida sai ta sunkuyar da kai ta koma ɗakin kakarta, wato mahaifiyata, wadda ita ta raine ta. Ni kuwa a ganina tarbiyya ce. Ga shi ta riga ta maimaita aji sau ɗaya saboda lissafi, jarrabawar shiga kwaleji kuma saura wata uku. Idan ta sake faɗuwa, karatu ya ƙare ke nan. Na sani sarai, abin yana cina a rai, amma bakina ya ƙi buɗewa.

Wata rana bayan azahar ina kishingiɗe a inuwar itacen bedi, barci yana fizgata, sai mahaifiyata ta zauna kusa da ni da ƙwaryar dawo. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙa alli ba ta dube ni ta ce, "Mushe, tambaya gare ni. Mi ya sa in an raba ukku da rabi sai shi zan shidda? Rabo ba ragewa shikai ba?"

Na tashi zaune. Darasin da na koyar da safiyar ranar ke nan. Da na waiga, sai na hango ƙafafu biyu ƙanana a ƙarƙashin zanar madafa, ba sa motsi.

Na ɗauki curin dawo uku, na tsaga kowane gida biyu, na jera a faifai. Na ɗaga murya fiye da yadda kunnen tsohuwa yake buƙata, na ce idan kowa rabin curi zai samu, mutum nawa za su ci? Mahaifiyata ta ƙirga shida, ta ce ashe abin da ake ta wahalar da 'ya'yan mutane a kansa ke nan, ta kwashe dawonta.

Haka muka ci gaba. Kusan kullum tsohuwa tana da tambaya, wani lokaci ta manta rabinta a hanya, sai ta ce bari ta sha ruwa, ta shiga madafa ta dawo da sauran. Ni ina amsa wa uwata, ɗiyata tana ji a bayan zana. Babu wanda ya taɓa tona wani a cikinmu. Kwanakin nan sun yi mini daɗi ƙwarai.

Sai ƙanwar mahaifiyata ta kwanta ciwo a Kore Mairuwa, tsohuwa ta tafi jinya, saura mako uku jarrabawa. Tambayoyi suka ɗauke ɗif. Kwana huɗu ina zama a inuwar bedi ni kaɗai, ina kallon zana.

A na biyar, ina tsaye gaban allo, na ga yarinyar ta ƙura wa littafinta ido, leɓenta yana motsi. Na ajiye alli. Na kira sunanta, wanda ni na raɗa mata amma ban taɓa furta shi tana ji ba. Na ce, "Kakarki ta yi tahiya. Yau wa za ya kawo mani tambaya?"

Ta daɗe kafin ta miƙe. Ta tambayi dalilin da ya sa ba a raba abu da sifili. Na ce wallahi sai na yi tunani, kuma gaskiya na faɗa. Yara suka yi dariya, ita ma ta yi.

Ta ci jarrabawar, da ƙyar dai, amma ta ci. Abin da na gane daga baya shi ne, cewa yaro ya yi tambaya abu ne mai sauƙi. Ni na shekara ina faɗa, kuma ni ne na hana ta, ba tare da na ɗaga ko tsinke ba. Wannan yana damuna har yanzu.

Mahaifiyata ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ɗiyar tana aiki a Dogon Dutsi, da nata 'ya'yan. Kwanan baya da na je, na tambaye ta ko tambayoyi nawa ta haɗiye a shekarun nan. Ta ce, "Baba, wasu har yanzu suna nan."

Na gyara zama na ce ta fara, ina ji.