Ƙarar da Ni Kaɗai Nake Ji

A cikin duk tatsuniyoyin Kaka Delu, ta masaƙi ce ta fi ba ni haushi, kuma ita ce ta biyo ni har gidan miji.

A Bukoki muke lokacin, cikin gidan haya mai tsakar gida ɗaya. Kaka ta baro Tasawa ta biyo babanmu Yamai, amma ba ta taɓa yarda da wutar kuran ba, wato lantarki. Da an sallame magariba sai ta ja kujerarta bakin murhu, ta tura gyaɗa cikin toka, mu kewaye ta kafin tuwo ya sauka. Ta kan ce, "Ga wata ta taso, ku matsa mata wuri." Mu ce, "Ta zauna kusa da wuta."

Wai an yi wani masaƙi, Tanko, wanda zarensa ke miƙe tun daga gindin tsamiya har bakin rijiya. Can ƙarshen zaren akwai katako da aka ɗora wa dutse, shi ke jan zaren ya tsaya cak. Wata rana raƙumi ya ture dutsen, Tanko ya yi ƙyuyar ɗaga shi, ya ɗora hoge a madadinsa. Hoge kuwa ƙasa ce, kullum sai ya ɗan zube. Zare ya saki, masaƙa ta fara ƙwal-ƙwal. Matarsa tana daka ta ji, ta ce, "Malam, masaƙarka na kuka." Ya ce, "Yaushe mace ta san saƙa?" Ya ƙara ƙarfin waƙarsa. Ya canza ƙoshiya, ya canza zare, ya yi turaren aljanu, zane dai sai fitowa yake kamar ragar kifi. Ranar nan ya tafi kasuwa, matar ta mirgino dutsen ta mayar. Ya dawo ya zauna, zane ya fito sumul. Sai ya miƙe yana shela wa gari cewa turarensa ya ci.

"Shi ke nan, ta ƙare, kowa ya kwashi gyaɗarsa," in ji Kaka.

Ni fa ban yarda ba. Na ce, "Kaka, ba ta gaya masa ita ce ba?"

"Ke sarkin tambaya, zanen ya saƙu ko bai saƙu ba?"

"Ya saƙu, amma..."

"To hura mini wutar nan, hayaƙi na cin idona."

Ranar ko gyaɗar ban ci ba don takaici.

Shekaru sun tafi, Kaka ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya haskaka makwancinta. Ni kuma ga ni a Talaje da maigidana Baban Nafisa da 'ya'ya huɗu da taksi guda, wadda daga ita muke ci, daga ita yara ke zuwa lakol, makarantar boko. Bara sai na fara jin wata ƙara. Kullum da safe ina dama koko, maigida zai murza kontak ya tayar da taksi, sai in ji kar-kar-kar, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa. Kafin in ƙirga biyar ta ɗauke. Shi kuwa yana cikin mota, gilasai a rufe, radiyo na zuba wa'azi.

Na ce, "Baban Nafisa, injin nan na kuka da safe."

Ya ce, "Maman Nafi, ki ji da kokonki. Tun ba ki gama koleji ba nake tuƙi a garin nan."

Da na dame shi sai ya kai ta garaji can Harobanda, hayin kogi, wajen Isufu makanisiye, mijin ƙawata Ramatu. To amma kafin ya ƙetare gada inji ya yi zafi, ƙara ta ɓuya. Isufu ya buɗe kapo, murfin inji, ya kasa kunne, bai ji komai ba. Maigida ya dawo yana washe baki. "Likitan mota ya ce lafiyarta lau. Kunnenki za mu kai a duba."

Duk da haka abin ya ɗan taɓa shi, sai ya kai maganar fada, wurin abokan shayinsa. Wannan ya ce buji ne, wato filogin inji, aka canza buji. Wancan ya ce a zuba baƙin mai mai kauri, shi ke rufe bakin tsohon inji. Aka zuba. Wallahi washegari na ƙirga har goma sha biyu kafin ƙarar ta tsaya. Na ajiye ludayi na ce innalillahi, ga Tanko a tsakar gidana, har da turaren aljanunsa.

Da safe na ɗauki wayar salula na laɓe bayan randa, yana murza kontak na danna na naɗi ƙarar. Na tura wa Ramatu, na ce don Allah ta sa wa maigidanta a kunne. Ko kokon ban sauke ba Isufu ya kira ni.

"Hajiya, wannan daga motar Malam ce? Tun yaushe?"

"Wata uku ke nan."

"Subhanallahi! Sarƙar inji ce ta saki. Akwai wani ɗan ƙarfe, tandar muke ce masa, baƙin mai ke tura shi ya danne sarƙar ta tsaya cak. In ya gaji, mai ya kan tsiyaye in mota ta kwana, sai sarƙa ta yi ta dukan gefe kafin mai ya hau. Wa ya ce a zuba mai kauri? Ai shi ya fi daɗewa bai hau ba! Ranar da sarƙar nan ta tsallake haƙori ɗaya, injin ya tashi aiki, sai dai a sauke shi."

Na ce, "Malam Isufu, ka rufa mini asiri, kada ka ce ni ce."

Ya yi dariya ya ce in bar masa. Ya kira maigida ya ce yana so motar ta kwana garaji, shi ya tayar da ita da hannunsa da sassafe. Haka aka yi. Yini guda ya ɗauka, ya buɗe gaban injin, ya daidaita alamomin sarƙa, ya cire tsohon tandar ya sa sabo, ya canza robar da sarƙa ta cinye, ya zubar da man fada ya zuba na ƙwarai.

Da la'asar Baban Nafisa ya shigo da tsohon tandar a ƙunshe cikin tsumma, abu bai fi babban yatsana biyu ba. Ya ajiye mini kan tabarma.

"Kin ga mugun. Dama ni tuntuni jikina ya ba ni sarƙa ce. Direba na gaske a kujerarsa yake jin mota."

Na buɗe baki, sai na ji muryar Kaka kamar tana bakin murhu: zanen ya saƙu ko bai saƙu ba? Na haɗiye, na ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam." Na shiga ɗaki na yi istigfari, don abin da na faɗa a zuciya ba na faɗi ba ne.

Yanzu na gane abin da Kaka ke nufi. Matar Tanko ba yabo ta fita nema ba, zane take so ya saƙu, kuma ya saƙu. Ni ma kullum da safe in na ji injin nan ya tashi lumui, sai in yi hamdala, in tausaya wa bawan Allah da zai yini cikin rana dominmu. Sai dai Kaka ta yafe mini, haƙurina bai kai na matar Tanko ba. Ban goge ƙarar daga salula ba. Nafisa ta sa mini ita ta zama ƙarar kira, duk lokacin da babanta ya kira, ita ke tashi.

Shekaranjiya yana neman salulata ya kira ta daga tsakar gida. Daga ƙarƙashin matashi sai kar-kar-kar. Ya yamutsa fuska ya ce, "Wace irin mummunar ƙara ce wannan?"

Na ce, "Au, Malam, yau ka ji ta?"