Baba Mai Sito da Sabuwar Manhaja

Shekara talatin Baba mai sito ya yi a kamfanin kujeru. Ko ƙusa ce, ya san inda take. Da manaja ya sayo manhajar da za ta haɗa aikin sito, kafintoci da masu ciniki, so ya yi a kunna ta ko'ina rana ɗaya.

"Ranka ya daɗe, katako ɗaya sunansa uku a gidan nan," in ji Baba. "Wanne kwamfuta za ta ji? A fara da sitona."

Aka yarda. Wata huɗu yana juye wa kwamfutar abin da ke kansa, aiki kuwa ya yi kyau.

Yanzu kafintoci ba sa tsayawa tambayarsa komai. "Sannu, Baba," kawai, su wuce.