Guguwa a Ɗakin Tsara Aiki

A gida Yaya muke ce masa, amma a masana'antar da ya yi rabin rayuwarsa ba wanda ya san shi da wani suna sai Guguwa. Tun yana saurayi aka laƙaba masa, domin in ya tsaya gaban injin lanƙwasa ƙarfe, kafin abokin aikinsa ya gama sa safar hannu shi ya tara tsibi. Ni ce autar gidanmu, a hannunsa na girma bayan rasuwar babanmu. Abin da zan faɗa, wani da idona na gani, wani shi ya ba ni da bakinsa.

Masana'antar tasu ba abu ɗaya take yi ba. Yau gadajen asibiti, gobe kujerun makaranta, jibi kabad na ofis. Injinan dai su ne, bakinsu kawai ake sauyawa. A yanka ƙarfe, a huda, a lanƙwasa, a yi walda, a fesa fenti, sannan a tura cikin tanda, wani dogon ɗaki mai zafi inda fentin ke gasuwa ya kama jikin ƙarfen. Yaya yana wajen lanƙwasa, kuma aƙidarsa guda ce: inji ba ya hutawa. In ya ga injin wani a tsaye, sai ya ɗaga murya ya ce, "Lafiya? Rasuwa aka yi?"

Haka yake har a gida. Matarsa, da muke kira Anti, tela ce, kekenta na tsakar gida. Takan ce ita ba ta taɓa ganin mutumin da ke ɗaura takalmi yana tafiya ba sai mijinta.

Da ya haura hamsin, bayansa ya ce ya gaji. Wata safiya ya sunkuya zai ɗauki falankin ƙarfe, ya kasa miƙewa. Likita ya duba hoton, ya ce ƙashin baya ya danne jijiya, tsayuwar yini da ɗaukar nauyi sun ƙare masa. Yaya ya zauna a gida yana jinya, gidan kuwa ya yi wa kowa kaɗan. Ya kwance fanka mai lafiya ya sake ɗaurawa. Ya jera wa Anti zarurrukanta bisa kala, ta nemi baƙi ta rasa.

"Don Allah, Auta," ta ce da ni, "ki roƙi mutanen masana'antar nan su karɓi kayansu. Jiya har cewa ya yi wai ina ɓata wa kekena lokaci."

Ba a daɗe ba manaja ya zo duba shi, ya ce akwai gurbi a ɗakin tsara aiki, wani ɗaki a sama mai tagar gilashi da ke kallon filin injina. A nan ake yanke wane aiki zai fara, wane inji zai ɗauka, wanne zai jira. Yaya ya sha mur. Shekara da shekaru yana kiran wurin ɗakin masu shan shayi. Bayan manaja ya tafi ya ce gara ya sayar da ruwa a bakin titi. Anti ta goge masa riga ta rataye a inda zai gani. Ranar Litinin ya sa ta.

A ɗakin ya tarar da Injiniya, wata mace siririya mai gilashi, wadda da kaɗan ta girmi babbar 'yarsa. Ita ce ta roƙi a kawo shi, amma bai sani ba sai daga baya.

"Sannu da zuwa, Baba. Ga kujerarka, na sa an ƙara mata matashi."

"Ni ban iya wannan abin ba," ya ce, yana nuna kwamfuta da haɓa.

"Ni ma ban iya lanƙwasa ƙarfe ba. Zo ka ga wani abu."

A kan allon akwai masana'antar gaba ɗaya, an zana ta da 'yan akwatuna. Kowane inji da akwatinsa, kayan aiki kuma 'yan ɗigo-ɗigo masu tafiya daga wannan zuwa wancan. Ta ce masa wannan kwaikwayon masana'anta ne. In ka gaya masa odar da ke hannu da tsarin da kake so ka bi, sai ya gudanar da aikin mako guda kafin shayinka ya huce, ka ga inda za a makara tun ba a taɓa ƙarfe ko ɗaya ba.

"Ina nawa injin?"

Ta nuna masa. Akwatin ya yi kore, ya yi kore, sai ya koma toka-toka.

"Me ya same shi?"

"Hutawa yake. Tsarin da kwamfuta ta ba da shawara ke nan."

Yaya ya ce ranar ji ya yi kamar an zagi mahaifinsa. Ya ce mata duk wanda ya koya wa na'urar nan aiki malalaci ne. Ba ta yi musu ba. Ta tura masa linzamin kwamfutar ta ce, "To, Baba, tsara naka. Kada ka bar shi ya tsaya ko kaɗan, mu gani."

Da yatsa ɗaya ya yi ta dannawa, tana nuna masa. Ya cika injinsa da aiki maƙil. Aka kunna. Akwatinsa ya tsaya kore shar, ya yi murmushi. Sai ɗigo suka fara taruwa a bakin tanda, suka yi tudu, suka toshe hanya. Ƙafafun gadon da ake jira suka maƙale a bayan ƙofofin kabad da ba wanda ke gaggawarsu. Odar gadaje ta yi ja, alamar ta makara.

"Sake," in ji shi.

Aka sake. Ya juya ta nan, ya juya ta can, kwana da kwanaki yana abu ɗaya. Kullum tudun nan na bakin tanda yana nan. Injiniya ta ce masa, "Baba, tanda ba ta cin fiye da cikinta. Komai saurin da aka yi a gabanta, a nan aiki ke shaƙewa. In ka lanƙwasa abin da ba za ta karɓa yau ba, ajiya kawai ka yi."

Da aka tashi, ya sauka a hankali yana dafa bango, ya zagaya bayan tanda. Wurin ya san shi sarai, amma bai taɓa tsayawa ya dube shi ba. Ƙarafa ne jibge har sun fi tsayinsa, wasu sun fara tsatsa, sai an kankare kafin a fesa musu fenti. Ya ɗaga ɗaya ya duba kusurwar. Lanƙwasar hannunsa ce. Ya dawo gida ran nan ya zauna wuri ɗaya, har Anti ta taɓa goshinsa ko zazzaɓi ne.

Washegari shi ya riga Injiniya zuwa. Da ta shigo ya ce, "'Yata, zauna ki fara min daga farko."

Ita ma tana da tata buƙatar. Kwaikwayon yana aiki ne da abin da aka gaya masa, kuma lokutan da ke cikinsa na takardun kamfanin da ya ƙera injinan ne. Ta sha sauka ta tambayi ma'aikata tsawon lokacin da sauya bakin inji ke ci, kowa ya faɗi abin da yake ganin zai yi wa manaja daɗi. Tsoro suke ji kada a yi amfani da maganarsu a rage mutane. Shi ya sa ta nemi wanda suka yarda da shi.

Da farko shi ma ba su sake da shi ba. Babban mai walda, amininsa tun suna samari, wanda ake kira Tartsatsi, ya gan shi tafe ya ce, "A'a, ga mutanen sama! Yau kuma wa za a kai ƙara?"

"Kai zan fara kaiwa, mai hura wa mutane hayaƙi. Matsa min in zauna, bayana."

Ya zauna a kan wani tsohon gwangwanin fenti, ya gaya musu abin da ya gani a bayan tanda, bai ɓoye cewa aikinsa ne ya fi yawa a tsibin ba. Aka yi dariya, daga nan baki ya buɗe. Masu fenti suka ce in aka fesa baƙi sannan aka koma fari, wankin bindigar fesa fenti yana cinye musu safiya, amma daga fari zuwa baƙi ba wani abu ba ne. Mai yanka ya ce injinsa yakan yi nawa in rana ta take. Yaya ya riƙa hawa da waɗannan, Injiniya tana shigarwa. A hankali abin da allo ke faɗa da abin da ke faruwa a ƙasa suka fara tafiya tare. Tsibin bayan tanda ya yi ta raguwa har aka ga daɓen wurin, aka share aka sa benci.

A shekararsa ta biyu a sama, Injiniya ta tafi hutun haihuwa, ta bar shi shi kaɗai da kwamfuta. A tsakiyar hutun ne aiki biyu suka haɗu: gadaje na wani sabon asibitin haihuwa da ake shirin buɗewa, da kujeru na wata makaranta. Ana cikin haka babban injin yanka ya tsaya cak. Makanike ya buɗe ya ce abin da ya ƙone sai an yi odarsa daga nesa. Ba abin da ya rage sai wani tsohon inji a lungu, mai tafiyar hawainiya.

Manaja ya hau sama yana share gumi. "Guguwa, kowa zai kwana a nan, Asabar da Lahadi ma babu hutu. Ka tsara haka."

"Ranka ya daɗe, ba ni ɗan lokaci in tambayi abokiyar aikina," in ji Yaya, yana nuna kwamfuta.

Ya kashe akwatin injin yanka a kan allo, ya kunna na tsohon. Kwamfuta ta kawo hanyoyi. Ya fara gwada ta manaja: kowa ya yi ƙarin lokaci. Masu walda da masu fenti suka tsaya toka-toka suna jiran tsohon inji, mutane sun gaji a banza, gadaje kuma ba su fita da wuri ba. Ya juya allon ya nuna masa. Manaja ya kalla ya sake kallo, ya ja kujera ya zauna.

Sauran hanyoyin kowace da ciwonta. In an sa gadaje gaba, kujeru za su makara sosai. In an raba tsohon injin tsakaninsu, duka biyun za su makara. Kwamfuta ta tsaya nan, domin ba ta san wanda ya fi iya jira ba. Yaya ya ɗauki waya ya kira asibitin, aka haɗa shi da shugabar ma'aikatan jinya. Ya gaya mata gaskiyar abin da ya faru, ya tambaye ta ko duk gadajen take buƙata ranar buɗewa.

"Malam, ɗaki ɗaya za mu fara buɗewa," ta ce. "Ɗayan ko tayil ba a gama sawa ba. Ka kawo min rabi a kan lokaci, in yi maka addu'a."

Ya koma ya raba odar gida biyu a cikin kwaikwayon: rabin gadaje, sai kujeru, sai ragowar gadaje. Ya jera masu farin fenti a gaba, masu duhu a baya. Ja ya ragu, sai ɗan guntu a kan kujeru. Mai yanka kaɗai zai yi ƙarin lokaci, shi da wani da za su riƙa karɓar juna. Kafin ya sa hannu ya kira Injiniya, jaririnta na tsala kuka a kusa da wayar. Ya karanta mata abin da ya yi.

"Baba, ka duba tsohon injin nan yana buƙatar hutu ya huce?"

Bai duba ba. Ya gyara, kujeru suka ƙara makara kaɗan.

"Yanzu ya yi," ta ce. "Ka sa hannu. Ni ina da nawa injin a nan da ba ya tsayawa."

Gadajen farko sun isa kafin ranar buɗewa. Kujeru sun makara da 'yan kwanaki, shugaban makarantar ya kira ya wanke Yaya tas, shi kuwa ya yi ta ba da haƙuri har mutumin ya gaji ya sauko. Ranar da motar ƙarshe ta fita, Tartsatsi ya hau ɗakin sama karo na farko a rayuwarsa. Ya tsaya bakin ƙofa da hular walda a hannu, ya ce a nuna masa nasa akwatin. Da ya gani ya ce an zana shi ƙarami, shi bai yarda ba.

Yanzu shekarun Yaya sun ja, gashinsa ya yi fari, bayan kuma yana tashi lokacin sanyi. Har yau da yatsa ɗaya yake danna kwamfuta. Masu injina sukan hau su same shi in suna da shawara, ya ce su zauna a gwada a gani, wani lokaci tasu ta fi tasa, a bi tasu.

Kwanakin baya na je gaishe su, na tarar da shi a tsakar gida da waya a kunne, yana ta ɗaga hannu. Anti ta ce min kamfani zai sayi tanda ta biyu, shi ne shi da Injiniya suke musu a kan inda aiki zai koma shaƙewa in an kafa ta. Shi ya ce wajen walda, ita ta ce wajen ɗaure kaya.

"Ba su gwada a kwamfutar ba?" na tambaya.

"Gobe za su gwada. Yau musun suke jin daɗi."

Ya hango ni, ya rufe bakin wayar da tafin hannu. "Auta, sannu da zuwa, ki zauna ina zuwa." Ya mai da wayar kunne. "Ina jin ki, 'yata. Amma kin manta masu walda mutum nawa ne a layin gadaje?"