Tafiyar Su Afuwa

Wata safiya a watan Janairun 1983 muna jin ɗumi a bakin murhu a gidanmu na Naraguta da ke Jos, sai aka sanar a rediyo cewa gwamnati ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adi su bar ƙasa. Baba ya tsayar da keken ɗinkinsa. Inna ta dubi ɗakin da ke kallon namu, inda Anti Akosuwa, 'yar Gana mai sayar da dokono, tuwon masarar ƙasarsu, ke haya tare da 'yarta Afuwa.

A Jos aka haifi Afuwa. Tare muke ɗebo ruwa, tare muke tsintar atili a hanyar makaranta, tare kuma muka sha bulala ranar da muka shiga tsohon ramin kuza yin wanka. A dandali ita ke ba da waƙar gaɗa, don ta fi mu murya. A aji kuwa kullum ana koya mana cewa Najeriya ce babbar yayar Afirka, har muna rera waƙoƙin neman 'yancin baƙar fatar Afirka ta Kudu. Shi ya sa na kasa gane sanarwar. Da na tambayi Baba, sai ya ce, "Da muna da kuɗin mai mun ce kowa ya zo. Yanzu da abu ya yi wuya, mun tuna da takarda."

Inna ta sami Anti Akosuwa tana ɗaure tukwane, ta ce, "Maman Afuwa, ki bar mana yarinyar nan. Wa zai ce ba 'yata ba ce? In ƙura ta lafa sai ki dawo." Anti Akosuwa ta share hawaye, ta amsa da Hausarta ta kasuwa, "Maman Hajara, na gode. Amma shi kaɗai nake da shi."

Baba ya ɗinka musu jakar buhu, Inna ta soya gyaɗa, muka raka su tasha. Motar ta cika maƙil da mutane da katifu. Tana shirin tashi Afuwa ta leƙo ta ce, "Hajara, a Gana suna jin Hausa?" Na ce mata e, alhali ban sani ba.

Yau ina da jikoki. Nakan ji an rufe iyaka da maƙwabta, an buɗe, an sake sabuwar yarjejeniya, 'ya'yanmu ma suna tafiya Gana karatu. Ban sake jin labarin Afuwa ba. In tana raye, ita ma ta yi furfura.