Jagorar da Na Rubuta wa Masu Neman Gida a Nima

Shekara goma sha ɗaya ina kai saƙo a lungunan unguwannin Nima da Maamobi kafin gwiwata ta ƙi. Daga nan wani ƙaramin kamfani a Kokomlemle ya ɗauke ni. Sun tattara kwatancen gidajen zango, wato unguwanninmu na Hausawa, a kwamfuta, suka buɗe wata ƙofa da ake kira API, wadda manhajar wasu take bi ta tambayi tamu inda gida yake. Ni ban iya rubuta manhaja ba. Karatuna bai wuce firamare da allo ba. Aikina ɗaukar waya ne idan masu rubuta manhaja na waje sun maƙale.

Kullum kuwa wuri ɗaya suke maƙalewa. Sai su aiko da sunan titi da lambar gida, ƙofar ta ce musu "kuskure", ta yi shiru. Mu a zango ba haka ake neman gida ba. Da farko unguwa. Sannan masallaci ko famfon da ke kusa. Sannan lungu na nawa. Sannan sunan mai gidan, ko da ya daɗe da rasuwa. Wanda ya juya jerin nan ya ɓata.

Akwai wata budurwa mai rubuta manhajar kai abinci, kusan kullum sai ta kira.

"Baaba, ƙofarku ta sake koro ni."

"Me kika fara sawa?"

"Sunan mai gida."

"Kin taɓa ganin an shiga ɗaki kafin a shiga gari?"

"Ei, Baaba! Faɗa tun da sassafe? Ka sha koko kuwa?"

Ban cika dariya ba, amma nakan jira kiran nata. Tun rasuwar matata, babu mai yi mini irin wannan tambayar a Maamobi.

Wata rana shugabanmu ya ce kiran ya yi yawa, in rubuta jagora kan yadda baƙo zai haɗa manhajarsa da tamu ba sai ya nemi kowa ba.

"Kujerarka tana nan, Malam," in ji shi. "Za ka koma duba sababbin kwatance."

Ba kujerar nake ji ba.

Na san inda zan bar rami. Lungu daga ƙofar masallaci ake fara ƙirga shi, ba daga bakin titi ba. In na ƙi faɗin wannan, za a ci gaba da nemana, babu kuma wanda zai gane da gangan ne. Kwana biyu takardar tana gabana babu wannan layin. A na uku na rubuta shi, na ja masa layi a ƙasa. Ban taɓa yi wa baƙo rabin kwatance ba.

Mataki bakwai na jera, kowanne da cikakken misali. Na kuma matsa wa injiniyanmu sai da ya sa ƙofar ta riƙa faɗin abin da aka manta da wanda aka sa ba a wurinsa ba.

Da aka saki jagorar, budurwar ta kira.

"Baaba, sau ɗaya na gwada, ta shige! Wa ya rubuta?"

"Ni."

"To, ka huta da ni ke nan. Allah ya saka."

Na ce amin. Ina da sauran magana, amma tana sauri.

A mako na uku babu kira ko ɗaya, na ɗaga wayar ofis na kara a kunne, in ji ko layin ne ya lalace. Lafiyarsa ƙalau. Na ajiye, na jawo kwatancen wasu gidaje na bayan babbar kwata na fara dubawa ɗaya bayan ɗaya.